Lambobi Masu Bin Juna, Da Yadda Za Mu Koya Wa Yara Lissafinsu

Na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili cikin shafin Hausa na wannan fitowa, don in yi magana a kan wani irin lissafi wanda kowannenmu ya taɓa karo da shi, wanda kuma da yawa cikinmu za su tsaya gaban allo wata rana su koyar da shi, ko suna so ko ba su so. Lissafin nan shi ne wanda a ke ba da shi cikin zance, kamar a ce, "Akwai lambobi biyu masu bin juna, in an buga ɗaya sau ɗayar sai a sami 132. Waɗanne lambobi ne?" Na zaɓi in rubuta da Hausa domin harsunanmu a nan kwaleji suna da yawa, amma Hausa ce ta ke haɗa mu a ɗakin cin abinci da kasuwa, ita ce kuma yawancin yaran da za mu koya wa su ke komawa gare ta in Turanci ya gagare su.

Abin da ya sa na damu da wannan batu shi ne, yaron da ya zauna jarrabawar WAEC, hukumar nan da aka kafa tun 1952, ko ta NECO wadda ta zo a 1999, lalle zai tarad da lissafin da aka ɓoye cikin zance, in ba wannan ba, to ɗan'uwansa. Kowa kuwa ya san wanda bai ci lissafi ba, ƙofofin makarantun gaba da yawa a rufe su ke gare shi, ko da ya ci sauran darussa duka. Na sha ganin yaro mai kaifin kai, wanda in ka rubuta masa lissafi da alamomi zai warware shi kafin ka ajiye alli, amma da zarar an mai da lissafin nan zance sai ya yi tsuru-tsuru yana tauna bakin biro. Irin wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. Babu dai wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda a ke fassara magana ta koma alama, wannan kuwa aikinmu ne mu malamai.

Bari mu fara daga tushe. Lambobi masu bin juna su ne cikakkun lambobi, ba mai gutsure cikinsu, waɗanda su ke tafe ɗaya bayan ɗaya kamar awaki a kan turba, watau irin 7, 8, 9, ko 41, 42, 43. Kowace ta ɗara wadda ke gabanta da ɗaya tak. To, tun da ba mu san ta farko ba, sai mu raɗa mata suna, mu ce n. Mai bi mata ta zama n + 1 ke nan, ta uku kuma n + 2. Wannan raɗin suna shi ne rabin aikin. Kada kuwa mu yi mamaki in ya yi wa yara wuya, gama 'yan Adam sun daɗe ƙwarai kafin su kai gare shi. Mutanen Babila, a ƙasar da yanzu a ke kira Iraki, sun bar allunan yumɓu fiye da shekara 3,500 da suka shige, waɗanda a cikinsu a ke ba da faɗin fili da bambancin tsawonsa da gicciyensa, a ce a nemo su, duka cikin zance. Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, daga sunan littafinsa ne kalmar aljabara ta fito, amma bai yi amfani da alama ko ɗaya ba. Lambar da ba a sani ba yakan kira ta "abu", in an buga ta sau kanta kuwa ya kira ta "dukiya". Alamar nan ta daidai, watau layi biyu kwance, sai a 1557 Robert Recorde ya fito da ita, x da y da z kuma René Descartes, Bafaranshe, shi ya kafa al'adar yin aiki da su a 1637. Ashe ke nan zancen shi ne babba, alama ƙanwarsa ce, an ƙago ta ne don ta rage wa mai lissafi yawan magana.

A makarantar mishan inda na yi firamare, kowace safiya mukan rera jadawalin sau, tun daga biyu sau ɗaya har sha biyu sau sha biyu, malaminmu na buga teburi da rula yana ba mu kiɗa. Har gobe ina gode masa, don wanda ya haddace jadawalin nan, da ya ji 132 sai 11 sau 12 ya faɗo masa a rai. Amma jadawali yana da iyaka, iyakarsa kuwa 144. Na ga wannan da idona sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar da ke bayan gari. Na rubuta tambayar 132 a allo, ban ko gama juyowa ba sai wata yarinya da ke zaune a bencin gaba, wadda takan taya uwarta sayar da doya ran kasuwa, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, 11 da 12." Na ce, "Madalla. Yaya kika yi?" Ta ce, "Ai haka ya ke, Malam." Na ce to, sai na ƙara lamba ɗaya a tsakiya, 132 ta koma 1,332, na ce a nemo mini. Aji ya yi tsit.

Can sai wani yaro daga baya ya ce ai 30 sau 30 ɗari tara ne, 40 sau 40 kuwa dubu ɗaya da ɗari shida, don haka lambobin suna tsakanin 30 da 40. Na rubuta maganarsa a allo, na ce a ci gaba. Suka yi ta gwaji, 33 sau 34 ya ba su 1,122, ya yi kaɗan, 38 sau 39 ya ba su 1,482, ya yi yawa, har suka faɗa kan 36 sau 37, wanda ya ba da 1,332 cif. Ban hana su wannan gwaji ba, ina kuma roƙonku kada ku hana naku yaran. Wanda ya san amsa tana tsakanin 30 da 40 ya riga ya fahimci tambaya, in kuma daga baya lissafinsa ya ba shi 360, zai san akwai inda ya kauce. Sai dai na tambaye su, in da lambar ta kai miliyan, kwana nawa za su yi suna gwaji? Suka yi dariya. A nan ne ƙofa ta buɗe, don yanzu su da kansu su ke son hanya mai gajarta tafiya.

Ga hanyar, da tambayarmu ta farko. Ƙaramar lamba n, babbar n + 1, an ce in an buga su a sami 132. Sai mu rubuta:

n(n + 1) = 132

Mu buɗe baka, ya zama n² + n = 132. Mu kwashe 132 daga kowane gefe, don gefen dama ya zama sifiri:

n² + n − 132 = 0

Yanzu sai mu nemi lambobi biyu waɗanda in an buga su za su ba da 132, bambancinsu kuwa ɗaya, watau 12 da 11. Da su za mu raba lissafin gida biyu:

(n + 12)(n − 11) = 0

Ke nan ko dai n − 11 sifiri ne, n ta zama 11, ko kuwa n + 12 sifiri ne, n ta zama −12. In n 11 ce, lambobin su ne 11 da 12. In kuwa −12 ce, lambobin su ne −12 da −11.

A nan akwai ramuka uku da na lura yara sukan faɗa. Na farko, sukan manta da baka, su rubuta n sau n + 1 tsirara, sai lissafi ya koma n² + 1, wanda wani abu ne dabam. Na biyu ya fi muni. Yaro ya ga malam ya ce "ko wannan sifiri ne ko wancan", sai shi ma tun daga layin farko ya ce ko n ita ce 132, ko n + 1 ita ce 132. Maganin wannan shi ne a tsaya a nuna musu abin da ya sa sifiri ya fita dabam. In na ce muku na buga lambobi biyu na sami 132, ba ku san kome ba tukuna, don yana yiwuwa 2 ne da 66, ko 4 da 33, ko 6 da 22. Amma in na ce na sami sifiri, to tilas ɗayarsu sifiri ce, babu wata hanya. Dalilin da ya sa mu ke wahalar kwashe kome da kome zuwa gefe guda ke nan. Rami na uku, yaro ya sami n ya ja layi biyu ƙarƙashinta ya rufe littafi, alhali kuwa lambobi biyu aka tambaye shi. Tilas mu saba musu su koma su sāke karanta tambaya kafin su rubuta amsa, su kuma buga lambobin su gani ko sun ba da abin da aka ce.

Sauran maganar −12 da −11. Yara da yawa sukan share su, wai ba amsa ba ne. Ba su kaɗai ba ne, Alkawarizmi kansa bai karɓi amsar da ta gaza sifiri ba. Amma tun a shekara ta 628 wani masani na Indiya, Brahmagupta, ya rubuta ƙa'idodin irin waɗannan lambobi, yana kwatanta su da bashi, na sama da sifiri kuwa da dukiya, a ciki har da ƙa'idar cewa in an buga biyu na ƙasa da sifiri, abin da zai fito na sama ne. Saboda haka −12 sau −11 ya ba da 132 sarai, su ma kuma suna bin juna. In tambaya ta ce lambobi kawai, amsa biyu ce, wanda ya kawo ɗaya ya kawo rabi. Amma a ce wani manomi yana da dashen lemo 240, yana so ya dasa su layi-layi, yawan itatuwan kowane layi ya ɗara yawan layukan da ɗaya. Lissafi zai ba mu 15, zai kuma ba mu −16. To, wa ya taɓa ganin gona mai layi −16? A nan sai mu ɗauki layi 15, kowane da itace 16, mu rubuta dalilin da ya sa muka bar ɗayar. Zancen tambaya shi ke hukunci, shi ya sa ba a yar da shi bayan an fassara shi.

Yanzu ga wani abu da na fi jin daɗin nunawa, don gani ya kori ji. Ku sa yara su tara marafan kwalba, ko tsakuwa. A jera su layi 3, kowane layi da guda 4, ya zama 12. A yi irin wannan jeri har huɗu. Sa'an nan a haɗa su huɗun kamar ɗakuna kewaye da tsakar gida, ɗaya a kwance, mai bi masa a tsaye, haka har a zagayo. Za ku ga sun yi murabba'i, kowane gefe 3 da 4, watau 7, sai gurbi ɗaya tak da ya rage a tsakiya. A sa marfi guda a gurbin, duka sun zama 49, watau 7 sau 7. Haka abin ya ke ga kowace lamba, gama 4n² + 4n + 1 daidai ya ke da (2n + 1) sau kanta. Watau in aka ba ka sakamakon lambobi biyu masu bin juna, ka buga shi sau 4, ka ƙara 1, lalle murabba'i za ka samu, tushen murabba'in nan kuwa shi ne jimlar lambobin biyu. Gwada da 132: sau 4 ya zama 528, da 1 ya zama 529, watau 23 sau 23. Raba 23 gida biyu masu bin juna, ga 11 da 12. Gwada da 1,332: ya zama 5,329, watau 73 sau 73, ga 36 da 37. Wanda ya duba da kyau zai ga wannan ita ce hanyar cika murabba'i da a ke koya mana, sai dai an kauce wa wahalar rabi da kwata.

Wannan dabara ta fi amfani ga malami bisa ga yaro. Na taɓa ganin wani malami, ba zan faɗi inda ya ke ba, ya ƙago tambaya daga kansa yana tsaye, ya ce lambobi biyu masu bin juna sun ba da 150, ya ba yara su kai gida. Washegari ba wanda ya kawo amsa, sai ya sa su duka suka durƙusa a rana, wai malalata ne. Alhali kuwa tambayar ba ta da amsa. 150 sau 4 da 1 ya zama 601, shi kuwa 601 yana tsakanin 576, wanda shi ne 24 sau 24, da 625, wanda shi ne 25 sau 25. Ga shi kuma a fili, 11 sau 12 ya ba da 132, 12 sau 13 ya ba da 156, babu wurin 150. Yaran nan sun kwana suna fama da abin da ba ya yiwuwa, wasunsu kuma tun daga ran nan suka ɗauka kansu ne ba ya ja. Minti ɗaya na gwaji da ya hana wannan zalunci. Akwai ma gwajin da ya fi wannan sauri. Sakamakon lambobi biyu masu bin juna kullum da 0 ya ke ƙarewa, ko 2, ko 6. Ku duba 2, 6, 12, 20, 30, 42, 56, 72, 90, ku gani, lambar ƙarshe kuwa ita kaɗai ke haifar lambar ƙarshe, don haka abin maimaita kansa ya ke yi har abada. In ka ga 234 ko 415, ba sai ka ɗauki biro ba. Amma fa a lura, ƙarewa da 0 ko 2 ko 6 bai isa shaida ba, ga 150 nan ta nuna mana.

Sai kuma tambayoyin cika da mara. Cika ita ce lambar da ta ke rabuwa biyu ba saura, kamar 12 da 14, mara kuwa mai barin saura ɗaya, kamar 13 da 15. In an ce cika biyu masu bin juna, yara ba su cika yin gardama ba, sukan rubuta n da n + 2. Amma in an ce mara, sai ka ga n da n + 1, ko n da n + 3, wai don 1 da 3 mara ne. Ni nakan ce su dubi tazara su bar kamanni. Daga 13 zuwa 15 taki nawa ne? Biyu. Daga 12 zuwa 14 fa? Biyu. Ke nan duka n da n + 2 ne. A nan ma akwai gajeriyar hanya. Tsakanin 13 da 15 akwai 14 a zaune. In muka raɗa wa ta tsakiyar suna n, na gefenta sun zama n − 1 da n + 1, in an buga su kuwa n² − 1 ke fitowa. Saboda haka in aka ce mara biyu masu bin juna sun ba da 195, ƙara 1, ya zama 196, watau 14 sau 14, amsa 13 da 15, ko kuwa −15 da −13. In aka ce cika biyu sun ba da 168, ƙara 1, ya zama 169, watau 13 sau 13, amsa 12 da 14, da 'yan'uwansu na ƙasa da sifiri. Da wannan ne ma a ke yin lissafin ka: 19 sau 21 shi ne 400 ba ɗaya, 49 sau 51 kuwa 2,500 ba ɗaya. Ran da na nuna wa yara wannan, har bakin ƙofa suka bi ni suna jefo mini lambobi.

Farawa daga tsakiya ya fi nuna amfaninsa in lambobin uku ne. A ce uku masu bin juna sun ba da 720. Wanda ya rubuta n da n + 1 da n + 2 zai sha buɗe baka har ya gaji. Wanda ya rubuta n − 1 da n da n + 1 kuwa, nan da nan zai sami n³ − n = 720. Sai ya tambayi kansa, wace lamba ce in an buga ta sau kanta har uku za ta ɗara 720 kaɗan? 9 sau 9 sau 9 ya zama 729, a ɗebe 9, saura 720. Amsa 8, 9, 10. Gwajin malami a nan shi ne 6: cikin kowace uku masu bin juna tilas akwai cika, tilas kuma akwai wadda 3 ke rabawa, don haka sakamakonsu dole 6 ta raba shi. Ga wata kuma mai tsoratarwa a ido. An ce uku masu bin juna, sakamakon manyan biyu ya fi sakamakon ƙananan biyu da 30. Rubuta n(n + 1) − n(n − 1) = 30. Da ka buɗe baka sai n² ta cinye 'yar'uwarta, saura 2n = 30, n ta zama 15. Lambobin 14, 15, 16, gama 240 ya fi 210 da 30.

Kada wani ya zaci wasa da lambobi masu bin juna baƙon abu ne a ƙasarmu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda a ke tsara hatimi mai gidaje mara, ya kuwa rasu a Alƙahira a 1741. Mafi ƙanƙantar irin wannan hatimi shi ne a jera 1 zuwa 9 cikin gida tara, ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, layi uku ne, kowane ya sami 15, lambar da tilas ta zauna a gidan tsakiya kuwa 5 ce, watau ta tsakiyar jerin. Ku ba yara wannan ran Juma'a da rana sa'ad da barci ke fizgarsu.

Na san akwai masu cewa, har a ɗakin kwananmu, ina amfanin wannan duka, wa ya taɓa zuwa kasuwa aka tambaye shi lambobi masu bin juna? Amsata gare su tana filin ƙwallo. Gasar Firimiya ta Ingila, wadda mu ke cika ɗakin kallo dominta ran Asabar, ƙungiya 20 ke cikinta, wasa 380 a ke bugawa a kaka guda. Daga ina 380 ta fito? Kowace ƙungiya cikin 20 tana karɓar baƙuncin sauran 19 a gidanta, 20 sau 19 ke nan, lambobi biyu masu bin juna. Malamin wasanni da aka ce masa kuɗin da ke akwai na wasa 90 ne kawai, gida da waje, in ya san lissafinmu zai buga 90 sau 4 ya ƙara 1, ya sami 361, watau 19 sau 19, ya raba 9 da 10, ya ce ƙungiya 10 za a gayyata. Bayan wannan kuma, yaron da ya saba karanta zance a tsanake, ya ware abin da aka ba shi da abin da a ke nema, zai yi haka ran da aka miƙa masa takardar bashi ko ta sayen fili ya sa hannu.

Ga waɗanda ke son su leƙa gaba kaɗan, ku ɗauki huɗu masu bin juna, kamar 3, 4, 5, 6. Sakamakonsu 360, a ƙara 1 ya zama 361, murabba'i. Dalili kuwa mun riga mun san shi. Na gefe biyu, 3 sau 6, sun ba da 18, na ciki biyu, 4 sau 5, sun ba da 20, tazararsu biyu, 19 na zaune a tsakani. Kullum haka ne, don na gefe n² + 3n su ke bayarwa, na ciki kuwa n² + 3n + 2. Ke nan sakamakon huɗu, in an fara daga 1 zuwa sama, kullum saura ɗaya ya zama murabba'i, amma ba ya zama. Na biyu ma ba ya zama, don yana maƙale tsakanin murabba'in ƙaramar da na babbar. To, in biyar ne fa, ko ɗari? Wannan tambaya mai kama da wasan yara ta daɗe tana gagarar masana, sai a 1975 Paul Erdős, mutumin Hangari, da John Selfridge, Ba'amurke, suka tabbatar cewa ko guda nawa ka ɗauka daga biyu zuwa sama, muddin duka sun fi sifiri, sakamakonsu ba zai taɓa zama lamba guda da aka buga sau kanta ba, ko sau biyu, ko uku, ko fiye. Yana da kyau yara su ji cewa turbar da su ke kai tana da nisa haka.

Shawarata ga 'yan'uwana da za su fita gwajin koyarwa a zango mai zuwa ita ce wannan. Ku sa yaro ya karanta tambaya da Turanci, sa'an nan ya rufe littafi ya faɗe ta da Hausa, ko da harshen gidansu, ɗan'uwansa ya fassara muku. In bai iya faɗinta ba, kada ku matsa gaba, don bai ji ta ba tukuna. Daga nan ku bar shi ya kintaci inda amsa za ta faɗa. Sa'an nan ya rubuta a fili cewa n ita ce kaza, kafin ya taɓa kowace alama. In ya gama, ya mai da amsarsa cikin zancen ya gani ko ta zauna. Ku kuma kada ku ba da tambayar da ba ku warware da hannunku ba a daren jiya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yaron da ya saba da wannan tsari tun yana ƙaramar sakandare ba zai firgita a ɗakin jarrabawa ba.

Kafin in ajiye alƙalami, ga goro huɗu na kawo wa masu karatu. Na ɗaya, lambobi biyu masu bin juna sun ba da 812. Na biyu, mara biyu masu bin juna sun ba da 483. Na uku, lambobi uku masu bin juna sun ba da 2,184. Na huɗu, lambobi biyu masu bin juna sun ba da 500. Ɗaya daga cikin huɗun nan tarko ce, wanda ya gane ta sai ya faɗi dalili. A miƙa amsoshi ga Edita kafin fitowa ta gaba, na kuwa haɗa har da 'yan sashen harsuna da na tarihi, kada su ce wannan ba gonarsu ba ce.  Allah ya ba mu sa'ar aikin da ke gabanmu.